Kakana Mai Harbin Wata

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana, wanda ya haifi mahaifiyata, ya rasu cikin watan Sha'aban da hantsi. Yana zaune a ƙofar zaure yana zagin wani ɗan akuya da ya cinye masa igiyar rama, zagin bai kai ƙarshe ba sai ya jingina da bango. Da aka taɓa shi, rai ya yi halinsa.

Mutane sun zo gaisuwa daga Urafane da Attantane, har da na Baudeta, wasu a amalanke wasu a moto. Ban taɓa ganin zaman makoki irin wannan ba. Wani dattijo ya yi addu'a, ya shafa, sai ya tuɓe hula ya nuna wa jama'a tabo a tsakar kansa, ya ce, "Wanga aikinai ne. Allah shi jiƙan shi." Na kusa da shi ya naɗe hannun riga ya nuna nasa. Kafin a jima maza sun shiga gwada tabo, suna dariya hawaye na zuba. A cikin gida wata tsohuwa ta ce an rage masifa a gari, tana faɗa tana share ido da bakin zane. Iya kuwa, matarsa, ba ta yi kuka ba. Tana zaune da carbi, duk wanda ya ce ta yi haƙuri sai ta ce, "Ni da na yi haƙuri da shi shina da rai?"

Mutum ɗaya ne ba a gani kan tabarmar karɓar gaisuwa ba, kuma shi ya fi cancanta ya zauna a kai. Kawu ne, ƙanin mahaifiyata, ɗan Kaka namiji tilo. Tun da aka dawo daga maƙabarta ya shige ɗakin Iya ya ja ƙyaure. Baƙi suna tambaya ana ce musu zazzaɓi ne. Mu 'yan gari mun san tsoro ne. Akwai jinin mace a hannun Kawu, kuma abin da ya tsare wuyansa shekarun nan shi ne tsohon da muka binne.

Ranar sadakar uku, ana cikin rabon gumba, sai ga Fulanin rugar yamma sun ɓullo ta bayan masallaci. Ɗan Ardo ne a gaba, mijin matar da ta mutu. Ya rungumo wani abu dogo a hammata, naɗe cikin tabarma an ɗaure da igiya. Mai addu'a ya tsaya cak hannuwansa a sama. Na ji wata a bayana ta ce, "Bindiga ce." Zan dawo kan wannan. Sai na fara gaya muku wane ne Kaka, don ban yarda a manta da shi ba, kuma ban yarda a wanke shi tas har 'ya'yanmu su kasa gane shi ba.

Shi ne mai harbin wata a garinmu. Duk yammacin da ake duban jinjirin watan azumi ko na salla, zai hau tudun kuka da ke bakin gari da bindigarsa ta toka. Yana ganin wata ya tsaya, sai ya saita bakin bindiga a kansa ya ja kunama. Albarushi ne kawai da tsumma, ba ya sa harsashi. Ƙara ɗaya ce mai nauyi, dum, ta ratsa fadama ta isa ruga da ƙauyukan kewaye, kowa ya san gobe azumi ko salla. Da rediyo ya zo, daga baya salula, aka ce masa ai yanzu daga birni ake sanarwa. Ya ce, "Rediyon ido gare shi? Ina yag ga wata?"

A kan bindiga Kaka yana da ilimin da ba a littafi ya samo shi ba, kuma ba a yi masa gardama. A wurinsa bindiga ba ta cin jinin gidan da take kwana. Harsashin da ya kwana cikin ruwan tsamiya ba ya kuskure. Wanda ya ci albasa ranar farauta, bindigarsa za ta yi ƙarya. In guguwa ta taso ka harbe ta a gindi, aljanin ciki zai gudu da ɗingishi. Abin da aka harba sama kuwa ya tafi ke nan, wata ke haɗiye shi. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka kawo mana ya taɓa ce masa duk abin da ya hau sama sai ya sauko. Kaka ya tambaye shi, "Hayaƙin tuwon uwarka ya taɓa saukowa?" Malamin ya buɗe baki zai ƙara bayani, sai ya ga tsoho na laluben sanda, ya tuna yana da aji.

Babbar dokarsa ita ce mace ba ta tsallaka bindiga. In ta tsallaka, bindigar ta mutu, ko ta juya ta ci mai ita. Wannan doka ce ta ci masa zaman lafiya da Iya. Tun kafin a haife ni, wata shekara ya so mutanen Attantane ma su ji harbinsa, ya danƙara wa bindiga albarushi har kusan baki. Da ya ja, bututun ya tsage, ya tafi da yatsunsa biyu na hannun dama. An ce ɗaya a kan reshen kuka aka tsinto shi. Ya sauko daga tudu jini na tsiyaya ta gwiwar hannu, bai nufi wanzami ba, gida ya nufa yana kiran Iya, wai ita ta tsallaka masa bindiga da tana shara. Iya ta rantse ba ta yi ba. Ya ɗaga mata hannun mai jini, ita kuma ta ɗauki taɓarya ta ce ya matso. Tun daga ranar, ko gishiri ne ya yi yawa a miya sai ya ɗaga guntayen yatsun ya ce, "Ba yau kinka hwara ba." Maƙeri ya yi masa sabon bututu, ya koyi jan kunama da yatsun da suka rage.

Ni amaryarsa ce ta wasa, kamar yadda jika take ga kaka. In na shigo sai ya ce, "Ga amarya ta zo ganin mijinta mai bindiga." In ce, "Wane miji? Tsoho mai yatsu uku, ko lomar tuwo ba ya iya yi da kyau?" Ni kaɗai ke faɗa masa haka in kwana lafiya. Duka kuwa, ya daki duk namijin da ya girma a garin nan. Yaron da ya nuna ɗan'uwansa da bindigar kara ma sai ya sha sanda. Amma shi ne in ya harbo zabi yake bi gidan gwauraye da marasa lafiya yana jefawa ta kan danga, ba sallama, don kada a yi masa godiya. Wanda ya kuskura ya gode masa sai ya ce, "Mushe na tsinta."

Abokinsa na ƙut da ƙut shi ne Ardo, shugaban rugar da ke yamma da mu, bayan fadama. Shanun Ardo ke kwana gonar Kaka da rani su bar taki, Kaka kuma ya kai masa damman gero. Ranar kasuwar Urafane tare suke tafiya suna faɗa a hanya. Matar ɗan Ardo ƙawata ce. Ita ke kawo mana nono, ta zauna ɗakina ta sha ruwa, ta yi mini dariya wai ban iya dama fura ba. A shekarar da nake ba ku labari tana goye da 'yarta ta fari.

A shekarar Kawu ya dawo daga haƙar zinariya a arewa. Bai dawo da zinariya ba, ya dawo da bindiga irin ta soja, wadda ya ɓoye cikin rumbu. Azumin ya faɗo da damina. Ranar duban watan salla aka yi ruwa da azahar, ɗakin Kaka ya yi yoyo daidai kan tandun albarushi. Da yamma gari ya washe, muka hau tudun kuka maza da mata, bakin kowa a bushe. Jinjirin wata ya fito siriri, ƙasa ƙasa, dab da kan itatuwan yamma, inda yake fitowa kullum. Yara suka sa ihu. Kaka ya saita ya ja kunama, bindiga ta ce ƙyas. Ya sake ja, shiru. Wani ya yi dariya a baya, na ga jijiyar wuyan Kaka ta tashi.

Ya juya ga Kawu ya ce, "Tahi ka ɗauko taka."

Kawu ya ce, "Baba, waccan ba ta toka ba ce. Harsashi na ciki."

"Sama za ka harba. Mi ke sama in ba wata ba? Ko mutum ka gani bisa?"

Da kunnena na ji wannan. Kawu ya ɗauko, ya tsaya inda ubansa ke tsayawa, ya saita wata kamar yadda ya ga ana yi tun yana yaro. Ta yi ta-ta-ta-ta, tsuntsaye suka watse daga kuka. Mata suka rangaɗa guɗa. Kaka ya bubbuga kafaɗar ɗansa yana cewa yau ko kurma ya san an ga wata. Muka sauko muka sha ruwa cikin murna, ba wanda ya tuna cewa a ƙarƙashin watan nan akwai ruga.

A daidai lokacin ƙawata tana tsugune tana tatsar saniya a gindin gawo, 'yarta a baya. Harsashi ya shiga ta gefen wuyanta ya fita ta haƙarƙari. Ta kifa kan ƙwaryar nono. Aka sa ta a amalanke za a kai ta likita, ba a yi nisa ba ta cika. Yarinyar ko ƙwarzane ba ta yi ba, sai dai da aka kwance ta zanen goyon ya jiƙe da jini sharkaf.

Da safe muna filin idi, liman bai ko tayar da salla ba, sai ga Fulanin ruga. Ba da darduma suka zo ba, da takubba ne da sanduna da kwari da baka. Ardo ya tsaya gaban sahu ya ce an harbe surukarsa daga garin nan, a ba su wanda ya yi. Mutanenmu suka ce ƙarya ne, sama aka harba, kowa shaida ne. Kuma wallahi ba wayo suke yi ba, har zuciyarsu haka suka yarda. Su kuma Fulani ba abin da zai sa su yarda cewa ba da gangan aka auna su ba, don a ganinsu harsashi ba ya samun mutum sai an nufe shi da shi. Kaka ya ratso sahu a fusace.

"Ardo, gidana kaka cewa ya yi kisa? Wata munka harba!"

"Watan ne yaz zo yak kashe ta?"

Kaka ya ɗaga sandarsa ya sauke a goshin abokinsa. Jini ya wanke fuskar Ardo har gemu. Daga nan ban iya ba da labari a jere ba. Na ga an sari wani maƙwabcinmu a cinya yana jan jiki cikin taɓo. Na ga an taru kan wani saurayin Bafulatani da duwatsu har haƙoransa suka zube. Fararen rigunan salla suka koma ja, takalma a warwatse, mata na kururuwa suna jan yara. Wani ya cinna wa rumbun bakin gari wuta. Liman ya shiga tsakani da Alƙur'ani a ɗage, shi ma sai da sanda ta same shi a kafaɗa kafin aka ja da baya. Da za su tafi, ɗan Ardo ya juyo ya ce sun aika wa 'yan'uwansu na sauran rugage. In rana ta faɗi ba a miƙa musu mai harbin ba, za su shigo su ɗauke shi da kansu, kuma ba za su tsaya tambayar gida ba.

Shekarar nan ba a yi sallar idi a garinmu ba. Iya ta tura Kawu cikin rumbun gero ta rufe, ta zauna a gindinsa da taɓarya. Maza suka shiga wasa adduna. Wasu suka fito da layu da guraye, wani yana rantsuwa in ya ɗaura nasa bindiga ruwa za ta fitar. Kaka kuwa sai kai da komo yake a tsakar gida yana cewa sharri ne, wani maƙiyinsu ne ya harbe ta a kusa suke neman wanda za su laƙa wa. Can ya ɗauki sanda ya ce zai je ruga ya ƙaryata su a gaban idonsu. Ba namijin da ya bi shi. Ni na bi shi, ina jan rigarsa yana fizgewa. Ban san ko don shi na tafi ba, ko don ƙawata da ban yi wa sallama ba.

Mun iske sun dawo daga binne ta. Samari suka taso da takubba, Ardo ya ɗaga hannu, kansa naɗe da rawani mai jini. Sai ya kama hannun Kaka, hannun nan mai yatsu uku, ya ja shi gindin gawo. Ƙwaryar tana nan a fashe, nono da jini sun haɗu sun daskare a ƙasa, ƙudaje sun rufe. Saniyar tana kwance gefe tana nishi, an huda mata tozo. Ardo ya nuna jikin gawon, sama da kan mutum kaɗan. Akwai rami sabo, ɗanyen itace ya fito fari.

Kaka maharbi ne, ko me za a ce da shi. Ya tsinke karan dawa siriri ya zura cikin ramin a hankali har ya tsaya. Sai ya koma bayan karan ya sa ido, ya bi inda ya nuna. Ni ma na duba. Karan ya ɗaga kai sama kaɗan, ya miƙe gabas, ya tsallake fadama. A ƙarshensa ga kukar tudunmu tsaye, ita kaɗai a sararin sama. Ya zaro wuƙa ya ƙwaƙule ramin, harsashi ya faɗo tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallonsa. Ban taɓa ganin bakin Kaka a rufe tsawon haka ba, har tsoro ya kama ni.

Sai ya juya ga jama'a ya ce, "Ni na harba."

Ɗan Ardo ya ce, "Sake hwaɗi."

"Ni na harba, da hannuna. Ga ni."

Ban ga fitar takobin ba, sai ƙararsa na ji a kan ƙashi. Ya sauka tsakanin wuya da kafaɗar hagu. Kaka ya durƙusa, jini ya yi tsartuwa har kan zanena. Ɗan Ardo ya ɗaga zai ƙara, Ardo ya faɗa kan Kaka ya rufe shi da jikinsa, yana yi wa ɗansa tsawa da Fulatanci. Daga ƙarƙashinsa na ji muryar Kaka yana cewa, "Ɗaga ni, Ardo. Bar shi shi ida." Ni kuwa ina ta danna gyalena cikin raunin, yana jiƙewa ina ƙara dannawa, ina zaginsa ina kuka. Amalanken da ya ɗauki ƙawata jiya, shi ya ɗauke shi.

Jandarmomi sun iso kafin la'asar, suka karɓe bindigar sojan, suka hana rugage taruwa. Duk wanda suka tambaya a garinmu, babba da yaro, ya ce tsoho ne ya harba. Kaka ya yi jinya a Tasawa, daga gadon likita aka wuce da shi kaso, gidan yari. Kawu ya so ya je ya faɗi gaskiya, Kaka ya aiko masa cewa in ya buɗe baki bai yafe masa ba duniya da lahira. Daga baya manya suka zauna, Ardo ya ce sun bar wa Allah, aka dubi tsufansa da rauninsa aka sako shi. Ya dawo hannun hagu a shanye, yana lilo kamar ba nasa ba.

Ranar da ya dawo, kafin ya sha ruwa, ya sa aka ɗauko bindigarsa ta toka. Ya shimfiɗe ta a bakin ƙofar ɗaki ya kira Iya.

"Tsallaka."

Iya ta dube shi ta ce, "Ni? Shekara nawa kana cewa na tsallaka ban tsallaka ba?"

"To yau ni nac ce. Tsallaka ki kashe ta."

Ta tattare zane ta tsallaka, ta dawo ta sake tsallakawa, ta ce wannan na yatsun ne. Ya rataye bindigar bai ƙara taɓa ta ba. Kada ku ɗauka ya bar sauran imaninsa. Har ya mutu yana cewa albasa na sa bindiga ƙarya. Ko zancen harsashin ma bai taɓa yarda malamin lakwal ya yi gaskiya ba. Cewa yake wata ne ya ƙi karɓa ya tofo shi, don an ba shi abin da ba a saba ba shi ba.

Amma akwai sauran bindigogi a gari, kuma samari ba su ga abin da ya gani a jikin gawo ba. Da watan azumi na gaba ya kusa, ya ji ana cewa wancan tsautsayi ne kawai, bana za a ɗaga bakin bindiga sama sosai. Bai yi faɗa ba, abin da ya ba kowa mamaki. Da la'asar ranar duba, ya naɗe tabarma ya bi ta tsakiyar gari, ya tsaya inda samari ke zama ya ce, "Ni na tahi ruga. Gindin gawo za ni zamna, inda tah hwaɗi. Mai son harbin wata shi harba, ta kaina za ta biyo." Ya je ya shimfiɗa tabarma ya zauna yana fuskantar garinmu har wata ya tsaya. Ba a ji ko ƙyas ba.

Haka ya yi ta yi, azumi da salla, kowace shekara, ko ana ruwa ko yana ciwo. Wata shekara wani saurayi ya ce to shi gabas zai harba. Kaka ya fasa masa kai da hannunsa ɗaya mai aiki, yana tambayarsa ko gabas ba mutane. Mutanen ruga da fari ba mai kula shi, ɗan Ardo in ya gan shi sai ya kaɗa shanu ya yi nisa. Ardo ne kawai ke zuwa ya zauna gefensa, har shi ma ya rasu. Da 'yar ƙawata ta yi wayo, ita ta fara kawo masa nono a ƙaramar ƙwarya, tana kiransa tsohon wata. Ya gaya mini nonon nan ya fi takobin zafi, amma bai taɓa mayar da shi ba. Tabarmar ma daga baya a ruga yake barinta. Kawu kuwa bai ƙara taka yamma da fadama ba. Ko kasuwa za shi sai ya yi zagaye, kuma duk ranar duban wata a ɗaki yake wuni.

To, ga mu ranar sadakar uku, ɗan Ardo tsaye da abu a hammata. Ya yi sallama, aka amsa da ƙyar. Ya tsuguna ya yi wa mamaci addu'a mai tsawo, ya shafa. Sannan ya ce, "Ina ɗan gidan?"

Liman ya ce ba ya jin daɗi. Ɗan Ardo ya ce zai jira. Na ga wasu samarinmu suna zamewa zuwa gida, na san abin da za su ɗauko. Sai ƙyauren ɗakin Iya ya buɗe. Kawu ya fito ba hula, idonsa ja, ya ratsa mata ya fita zaure. Iya ta kama rigarsa ya cire hannunta a hankali. Ya zo ya durƙusa gaban mutumin ya ce, "Ba Baba ne yah harba ba. Ni ne."

Ɗan Ardo ya ce, "Na sani. Tun ina yaro da ƙarar bindigar tsoho muke sanin an ga wata, dum, sau guda. Ranan ba ita munka ji ba. Sanda nis sare shi ma na sani. Shi yak kawo wuyanai, ni kuwa ina biɗar wuya." Ya ƙara da cewa, "Babana ya ce mani tsoho ya biya da jininai, in bar ka. Na bar ka don su biyu. Yanzu duk sun tahi."

Ya sa hannu ya fara kwance igiyar. Wata mace ta ƙwalla ƙara. Kawu bai motsa ba, sai ya sunkuyar da kai ya rufe ido. Tabarmar ta warware a ƙasa har ƙarshenta. Ba komai a ciki. Tsohuwar tabarmar Kaka ce, tsakiyarta ta cinye inda yake zama.

"Watan azumi ya kusa," in ji ɗan Ardo. "Garinku da bindigogi, ruga da yara. Wa za shi zamna?"

Kawu ya dubi tabarmar. Sannan ya naɗe ta, ya rungume.

Ranar duban wata na raka shi, kamar yadda na raka ubansa. Muka tsallake fadama. Ramin yana nan a jikin gawo, ya yi baƙi. Ya shimfiɗa tabarma ya zauna ya fuskanci gabas, kukar tudunmu tana kallonsa. Rana ta faɗi, yaran ruga suka sa ihu sun ga wata, daga garinmu ba a ji komai ba. Sai ga yarinyar ta taho da 'yar ƙwaryarta a hannu biyu, tafiyarta sak ta uwarta. Ta tsaya ta dubi Kawu, ta dube ni, ta ce, "Ina tsohon wata?"

Na ce, "Ya rasu. Wanga ɗanai ne."

Ta ce, "Allah shi jiƙan shi." Ta durƙusa ta miƙa wa Kawu ƙwaryar. Hannunsa ya ƙi ɗaguwa. Ta ci gaba da riƙewa, har sai da na ce, "Kawu, amshi. Shi bai taɓa mayarwa ba." Ya karɓa, nonon na zuba a kan rigarsa, ya kai baki ya sha.

Allah ya jiƙan tsoho mai yatsu uku. Ya yafe masa sandarsa da bakinsa da yammacin nan, ya haɗa shi da Ardo inda ba a faɗa. Ita ma ƙawata, Allah ya haskaka kabarinta, ya raya abin da ta bari.